Karatun Aikin Jarida a Jami'a: Faɗakarwa ga Ƴaƴan Dakoro da Iyayensu

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar bak ya fito aka gama barka da arziki, sai shawara ta koma kan fannin da yaro zai karanta a jami'a. Kuma galibi a gidajen Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, abin da ake ambata bai wuce likitanci da ilmin noma da shari'a da malanta ba. In kuwa wani ya ce zuciyarsa ta karkata ga ilmin sadarwa da aikin jarida, sai ka ji wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "To, surutu ma sai an tafi Yamai a koyo shi?" Tambayar tana da haƙƙin a ba ta jawabi cikakke, domin wanda zai sayar da ɗan bijiminsa ya biya kuɗin hanya da na masauki ya cancanci ya san abin da yake saye.

Asalin wannan ilmi shi ne sanin yadda ake karɓar labari, a auna shi, a isar da shi ga wanda bai halarta ba, ba ƙari ba ragi; kuma duk wanda ya zauna a zauren malamai ya san cewa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, ba su karɓi ruwaya don daɗin lafazinta ba, sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun binciki adalar mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa, sun rarrabe labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawa da wanda mutum guda ya kaɗaita da shi. Kuma a Suratul Hujurati an umurci muminai da neman tabbaci kafin su yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, don kada su cuci wasu cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Darajar hadisi daban, ta labarin duniya daban, wannan ba ya buƙatar faɗi; amma ladabin bincike iri ɗaya ne, kuma shi ne ginshiƙin abin da ake koyarwa a sashen aikin jarida, ko da malamin da ke koyarwa bai taɓa jin sunan ilmin isnadi ba. Abin da zamani ya ƙara shi ne kayan aiki da sauri, har ya zama maganar da sanƙira kan yi yini yana shelarta a unguwanni, yau tana isa Bermo da Kornaka kafin mai faɗinta ya rufe baki.

Yadda aka yi wannan sana'a ta zama abin koyo a makaranta yana da tarihi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Sashen Hausa na BBC ya soma magana a 1957. A 1958 aka buɗe gidan rediyon Nijar, wanda daga baya aka sa masa suna Muryar Sahel. A 1962 kuma aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen karkara kan taru su saurari shiri su yi muhawara a kansa, a ɗauki muryoyinsu a mayar gidan rediyo. A wancan zamani mai son ƙwarewa sai ya ƙetare zuwa Faransa, ko makarantar Dakar da aka kafa a 1965, ko ta Yawunde ta 1970, har zuwa 1977 da hukuma ta buɗe cibiyar horar da ma'aikatan labarai a Yamai, wadda ta zama IFTIC a 1989, kuma a ƴan shekarun nan aka ɗaukaka ta aka kira ta ESSCOM. Da jaridar Haske ta fito a 1990, aka yi babban taron ƙasa a 1991, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, sannan na karkara suka bazu tun daga Bankilare gab da shekarar 2000, sai bakunan magana suka yawaita fiye da masu horon riƙe su, kuma har yau wannan giɓi bai cike ba.

Wanda ya sami bak yana da ƙofofi. Akwai makarantar da muka ambata a Yamai. Akwai sashen adabi da fasaha da sadarwa a Jami'ar Abdu Mumuni. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu, waɗanda wajibi ne uba ya bincika ko hukuma ta yarda da takardarsu kafin ya zuba dukiyarsa. A tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu, digirin farko, wato lisansi, shekara uku ne, an kasa shi zango shida, kuma ɗalibi ba ya samunsa sai ya tara kiredi 180. Wanda kuma ya iya Ingilishi, ko yake da himmar koyonsa, Kano ba ta da nisa da Maraɗi: Jami'ar Bayero tana da sashen wannan fanni tun 1978, karatunsa shekara huɗu, kuma a 2020 hukumar jami'o'in Nijeriya ta rarraba fannin gida bakwai, aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, fim daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, da sauransu, abin da ke nuna cewa fannin ya yi faɗin da mutum ɗaya ba zai kewaye shi ba.

Amma me ake yi a cikin ajin? A farko ana shimfiɗa wa ɗalibi tarihin kafofin labarai, da ilmin zamantakewa, da tattalin arziki, da tsarin mulkin ƙasa, domin wanda bai san bambancin aikin magajin gari da na perefe ba, ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan rijiyar unguwa ta lalace. Sa'an nan a shiga rubutun labari, a tilasta masa amsa tambayoyi shida a kowane rahoto: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me, a koya masa gabatar da mafi muhimmanci, a hana shi doguwar shimfiɗa. Za ka ga ɗalibi ya kwana yana ƙawata shafi biyu, malami ya dawo masa da takardar ta yi ja da tawada, an soke rabinta, a gefen kowace jumla da ta rage an rubuta kalma uku kacal: "Wa ya ce?" Bayan haka sai ladabin hira, da riƙon makirufo da kyamara, da tace murya a kwamfuta, da dokokin aikin da ɗa'arsa, a ƙarshe a tura shi wani gidan rediyo ko jarida ya yi watanni yana koyon aiki a hannun magabata, ya dawo ya rubuta rahoton abin da ya gani, ya kare shi gaban malamai.

Fa'idar wannan horo ba ta bayyana a ko'ina kamar yadda take bayyana a ƙasa irin tamu, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ke farawa, a bakin kwarin Tarka, kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. A ƙaddara kaka ta yi, hukuma ba ta riga ta sanar da ranar sakin gonaki ba, sai ga saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa shanu sun afka wa gonar wake a wani ƙauye har an zubar da jini. Wanda ba shi da horo zai tura saƙon gaba, ko ya karanta shi a rediyo da "an ce" a gabansa, yana zaton ya sauke nauyi. Mai horo kuwa zai nemi wanda ya fara ɗaukar muryar, ya tambaye shi ko da idonsa ya gani. Ya kira mai gari, ya kira arɗo, ya ji ta bakin jandarma da na asibiti. Ya tambaya ko burtali ne aka nome ko garke ne ya bar burtali. Kuma in ya tarar ɓarnar ba ta wuce ƴan kunya na wake ba, an ma riga an yi sulhu, ya faɗi haka da sunan wurin da lokacin, cikin lafazin da manomi da makiyayi za su saurara a rediyo ɗaya ba wanda ya ji an zage shi. Jinkirin sa'a biyu da ya yi yana iya zama abin da ya tsare rayuka. Haka nan ɓoye gaskiya yana da tasa mafsada: a yunwar 2005, lokacin da likitocin MSF suka buɗe wurin jinyar yara a nan Dakoro, taimakon duniya bai taso da ƙarfi ba sai da hotunan Maraɗi suka fita a talabijin na ƙasashen waje, alhali mutanen ƙasa sun yi watanni suna ganin tiyar hatsi tana hawa.

Sai dai akwai wani aibi a karatun da ya kamata ɗalibi ya shiga da saninsa. Da Faransanci ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, alhali masu sauraro a Dakoro Hausa suke ji da Fulatanci da Tamajak. Sau da yawa za ka ji mai takarda yana karanta labarai da kalmomin Hausa a kan ƙashin jumlar Faransanci, har tsohuwa ta gama saurare ba ta san ko allurar rigakafin gobe ce ko jibi ba. Maganin wannan yana hannun ɗalibin: duk abin da ya koya da rana ya gwada faɗinsa da harshen gida da dare, ya iya mayar da kilo zuwa tiya, da tan zuwa buhu, da kashi cikin ɗari zuwa "mutum ɗaya cikin kowane biyar", ya koyi rubuta Hausa bisa ƙa'ida, in ya zo hutu ya nemi gidan rediyon da ke kusa ya yi aiki ko ba lada. Ɗan Dakoro da ya tashi da harsuna biyu ko uku a kunnensa yana riƙe da jarin da ɗan birni zai yi shekaru bai tara ba.

Ba za mu ɓoye wa iyaye cewa sana'ar ba ta saurin arziki ba ce. Guraben gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da jaridar Le Sahel, da kamfanin dillancin labarai na ANP, ƙididdigaggu ne. Gidaje masu zaman kansu da yawa albashinsu kaɗan ne. Shi ya sa masu wannan takarda da dama kan koma sashen sadarwa na ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji, wasu su nemi shiga Studio Kalangou da aka buɗe a 2016, ko sassan Hausa na gidajen rediyon waje. Inda albashi ya yi ƙaranci kuwa, nan ɗan ambulan da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota yake zama fitina, domin hannun da ya karɓa alƙalaminsa ba ya miƙewa. Ga kuma doka: a 2010 an cire hukuncin ɗauri daga laifuffukan jarida, amma dokar laifuffukan intanet ta 2019, bayan gyaran 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta hanyar na'ura, kuma jahiltar wannan ba uzuri ba ne gaban alƙali.

Saboda haka wanda ɗansa ko ƴarsa ta zo masa da wannan buri, kada ya duba zaƙin murya ko son fitowa a talabijin, domin waɗannan su ne mafi ƙarancin sharuɗɗa. Ya duba ko yaron mai yawan tambaya ne, mai haƙurin sauraro, mai son karatu, wanda in an aike shi yakan dawo da saƙo yadda aka ba shi, kuma yakan iya cewa "ban sani ba" ba tare da jin kunya ba. Ƴaƴa mata ma kada a hana su, domin akwai zancen haihuwa da tamowa da zaman aure da mace ba za ta buɗe wa namiji baki a kansa ba, komai ƙwarewarsa. In an sami waɗannan siffofi, to a sa albarka a bar shi ya tafi, domin tsare al'umma daga ƙarya da annamimanci yana cikin ayyukan da in wasu suka tsaya da su sun ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya bari, kowa zai sha cutarsa.