Gawon gona, na wa ne?

A da, manomin Maraɗi ko Damagaram bai ɗauki iccen gonarsa a matsayin nasa ba. Doka ta ce na gwamnati ne. In ka sare reshen gawon da ka rena, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Shi ya sa da yawa suke tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, don gudun rigima.

Daga shekarun 1980, da hukuma ta sassauta, sassaben zamani ya bazu har kimanin hekta miliyan 5. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye, kwamitin tsaron itatuwa ya haɗa mata da Fulani makiyaya, kowa da bakin magana. Sai a 2020 gwamnati ta tabbatar wa manomi, a rubuce, mallakar iccen da ya rena.