Talla a waya, kaya a tasha: Ƙalubalen masu kasuwanci ta intanet a Birnin Kudu da Gwaram

A yau matar aure a Birnin Kudu ko Gwaram za ta iya buɗe kasuwa ba tare da ta kama shago ba. Ta ɗauki hoton turaren wuta, humra, atamfa ko man gyaɗa, ta ɗora a WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar an fara tambayar farashi daga Kano, Bauchi har Abuja. Haka ma matasa masu sayar da takalma, huluna da wayoyin hannu.

Sai dai ɗora hoto shi ne mafi sauƙi a wannan sana'a. Wuyar aikin tana farawa ne bayan mai saye ya ce yana so: wa zai fara yarda da wani, kuma ta yaya kayan za su isa?

Kuɗi ko kaya, wanne zai fara tafiya?

A kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram, mai saye yana taɓa buhun riɗi, ya duba, ya taya, a shirya ya biya a rabu lafiya. A waya babu wannan. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, mai sayarwa kuma tana tsoron ta aika kaya a ce ba su yi ba.

Manyan kamfanoni irin su Jumia, wanda ya fara aiki a Legas a 2012, sun shawo kan wannan tsoro ne da tsarin biya bayan an karɓi kaya. Ƙaramar 'yar kasuwa ba ta da jarin yin haka. Idan an dawo mata da kaya sau ɗaya, ta yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, wataƙila ribar mako guda ke nan.

Ga kuma alat na bogi, inda ɗan damfara ke turo hoton shaidar biya alhali ko kwabo bai shiga asusu ba. Shi ya sa yawancin cinikin ke tsayawa a tsakanin dangi, ƙawaye da waɗanda wani ya tsaya musu. Waya ta faɗaɗa talla, amma amana ta tsaya inda sanayya ta tsaya.

Direban tasha ne kamfanin aika saƙo

Birnin Kudu tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, don haka motoci ba sa yankewa. Wannan gata ne. Mai kaya zai kai ƙunshi tasha, ya rubuta lambar wanda zai karɓa a jiki, ya biya kuɗin saƙo, ya karɓi lambar direba. Daga nan sai addu'a. Babu inshora, sau da yawa babu rasit. Idan kwalbar humra ta fashe ko saƙo ya ɓata, sai dai a kai ƙara wurin shugabannin tasha a yi sulhu.

Ga wanda ke ƙauyukan Gwaram, tafiyar ta fi tsawo. Sai ɗan acaɓa ya fito da kayan bakin titi, wani lokaci a sauya mota kafin su kai Kano ko Bauchi, kuma kowane hannu da kuɗinsa. Da damina abin ya fi muni: a watan Agustan 2021 ambaliya ta karya gadar Radabi da ke kan hanyar Gwaram zuwa Basirka.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin saƙo ya bi kuɗin mota ya hau. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ga kaya masu araha kamar ƙuli-ƙuli ko yajin daddawa, kuɗin aikawa kan kusa kamo kuɗin kayan, sai mai saye ya gwammace ya nema a unguwarsu.

Data, caji da kuɗin tura kuɗi

Shagon waya ma yana da kuɗin haya, sai dai ana biyansa ne kaɗan-kaɗan. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100. Bidiyon talla na TikTok kuwa yana shan data kamar ruwa.

Wutar KEDCO ba ta da tabbas, don haka mutane da yawa sai sun kai waya wurin masu caji. Duk sa'ar da waya ta yi a can, shago a rufe yake. A wasu ƙauyukan sabis ɗin ma sai an nemi tudu.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura jama'a da dama buɗe asusu a OPay, PalmPay da Moniepoint, abin da ya sauƙaƙa karɓar kuɗi daga nesa. Amma daga Disamban 2024 harajin naira 50 na kuɗin da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama ya shafi waɗannan asusun ma. Sannan mai kaya na buƙatar tsaba don saro sabon kaya a kasuwar ƙauye, mai POS kuma sai ya cire nasa.

Mene ne zai sauya lamarin?

A China, ƙauyukan da suka yi suna wajen sayar da kaya a dandalin Taobao sun bunƙasa ne saboda abu biyu: dandalin yana riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun isa, kuma kamfanonin aika saƙo sun shiga har cikin karkara. Su ne abubuwan da kudancin Jigawa ya fi buƙata.

Wasu matakan ba sa jiran gwamnati. Masu sana'a za su iya haɗa saƙonninsu wuri ɗaya a rana ɗaya su raba kuɗin mota. Ƙungiyar direbobi za ta iya ajiye littafin saƙo a tasha, a riƙa ba da rasit mai lambar mota. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da buɗe asusu da sunan yana kwantar da hankalin baƙon mai saye. Ƙa'ida ta ƙarshe kuwa tsohuwa ce: kada kaya su bar gida sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗi da ido.

Ƙidayar 2006 ta nuna Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000. Akwai masu ƙera kaya, akwai masu saye. Abin da ya rage shi ne hanyar da ƙunshin turare zai bar Gwaram da safe, ya isa Kano lafiya, a kuɗin da ba zai cinye ribar mai shi ba.