Kafin Ka Shigo da Ɗan Kwikwiyo Gidanka

Ya kai magidanci, da ke uwargida: wanda ke zirga-zirga tsakanin Malanville da Gaya, ko yake sauka Kwatano saro kaya, ya san yadda ƙananan karnukan Turawa masu gashi buzu-buzu suka fara shiga gidajen mutane. Yara su gani su yi sha'awa, mai sayarwa ya ce maka wannan ba ya cizo, tun da ɗan mitsitsi ne. Kada ka kama wannan magana. Ƙanƙantar kare ba ta hana shi ɗaukar cutar haukar kare, kuma ƙaramin shi ne ake ɗauka a cinya, shi ne yake lasar fuskar jariri.

Fara da duba ƙasar da za ka ajiye shi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Malanville yakan wuce digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake sanyaya jikinsa. Saboda haka masu gajeren hanci da fuska a matse, irin su pug da buldog, sukan sha wuyar numfashi, zafi kaɗai yana iya kashe su. Masu dogon gashi irin kanish da bishon suna bukatar aski da tajewa a kai a kai, in ba haka ba gashin ya zama maɓoyar kaska da ƙuma. Shiwawa kuwa ƙashinsa ba ƙwari, yaro na iya karya masa ƙafa cikin wasa, kuma in ya tsorata yakan kai cizo. A ganinmu, karen gida na ƙasarmu, mai gajeren gashi da madaidaicin jiki, ya fi su dacewa da iyali: ya saba da zafi, ya saba da cimarmu, ga shi yana gadi. Azawak, dogon karen nan na Buzaye, na fili ne da gudu, ba na tsakar gidan haya ba.

Amma asali da hali sun fi launin fata. Je ka ga uwar da idonka. Idan tana da natsuwa da mutane, akwai kyakkyawan zato ga ɗanta. Kada a raba shi da nono kafin mako 8. Ka guji kwikwiyon da aka tsinta a bola ko bakin kogi, da wanda ake yawo da shi cikin kwali a kasuwa, babu wanda ya san inda ya fito. Idan mai sayarwa ya ce an yi masa rigakafi, ka ce ya nuna katin, mai ɗauke da kwanan wata da hatimin likitan dabbobi. Ana yin allurar haukar kare ta farko idan ya kai wata 3, a maimaita kamar yadda likita ya tsara, galibi kowace shekara. A nan ma za a ba shi maganin tsutsar ciki, wadda yara kan kwasa daga ƙasar da ya yi kashi. Wanda zai ƙetara da kare zuwa Gaya, Dosso ko Kamba, ya riƙe katin nan tare da shi.

Dalilin wannan naci shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, cizon yakan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa yakan ɓoye don tsoron faɗa. Ku sanar da 'ya'yanku cewa ba za a doke su ba idan sun faɗa. Ku hana su taɓa kare yana ci, yana barci, ko karya tana shayarwa.

Idan cizo ko yaƙushi ya auku, ko kare ya lashi rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo. Kada a sa barkono, toka ko kalanzir, kada a ɗaure tamau. A ranar a tafi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren kogi ake, a nemi allurar bayan cizo, kuma a kammala dukkan ranakunta ko da rauni ya warke. Cutar takan yi wata 2 zuwa 3 ba ta bayyana ba, wani lokaci mako ɗaya kawai. Da zarar alamu sun fito, kamar tsoron ruwa da zubar miyau, kusan babu mai tsira. Karen da ya yi cizon kuwa a killace shi, likitan dabbobi ya sa masa ido aƙalla kwana 10, amma kada a jira sakamakon kafin a fara wa yaron allura.