Duban Ganyen Yakuwa Kafin a Ba da Kuɗin Zoɓo

Maganarmu yau a kan yakuwa ce, watau uwar zoɓo, tun tana ƙarama a gona. Wani zai ce ina ruwan mai awo da ganye? To, da ruwansa. Da yawa cikinmu mukan ba manoman wajen Gumel da Maigatari da Ɓaɓura kuɗi tun da damina, a kan su biya da zoɓo in kaka ta yi, mu kuma mu kai Dawanau inda masu fitar da shi zuwa Meksiko ke saye. Wanda ya zuba kuɗinsa bai iya duban ganye ba, cinikin biri a sama ya yi.

Ku sani ana shuka gurguzu ne in ruwa ya zauna, cikin Yuni ko Yuli. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, a tsinki zoɓo cikin Nuwamba da Disamba. Saboda haka wadda aka shuka a makare za ta yi fure tana 'yar guntuwa, 'ya'yan kaɗan. Lokacin zuwa duba gona shi ne Agusta, tsakiyar marka.

Kada ganyen fari ya ruɗe ku. Yakan fito a dunƙule ba yatsu, sai ta girma kana ya rabu uku ko biyar. Ja a kara da jijiya kuwa halinta ne, ba cuta ba.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ganye ya yi rawaya, gama rawaya iri-iri ce, kowace da maganinta. In tsofaffin ganye na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, na sama na nan kore, ƙasar kuma jigawa ce ba ta riƙe ruwa, wannan yunwa ce: ruwan sama ya wanke taki. A sa takin gargajiya da ya ruɓe, ko ɗan Urea nesa kaɗan da gindi. Ɗan kaɗan muka ce. In aka cika, sai ta yi ta ganye kamar an shuka ta don miya, zoɓon ya ragu. In kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu na kore, to sinadarin ƙarfe ne saiwa ta kasa ja, ƙarin Urea ba ya warkar da wannan.

Amma in ganye ya yi rawaya ya kuma langaɓe alhali ƙasa jiƙe take sharkaf, kada a kawo taki, a tuge guda a duba saiwa. Mu kanmu mun sha wannan. Wata shekara wani manomi da muka ba kuɗi ya aiko cewa gona ta yi rawaya, muka aika da buhun taki ba mu je ba. Ashe kwari ne, ruwa ya kwanta kwana da kwanaki, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe, gindin ma ya fara. Taki ya tafi, zoɓo bai zo ba, shi kuma bawan Allah ya kwana da bashi. Da mun je, ɗaga kunya da yi wa ruwa hanya kawai ake bukata, tun kafin ruɓa ta kama.

In an tuge aka ga saiwa ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wannan tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Ita ce mai kama kuɓewa da rama da tumatir. Bana kam sai haƙuri; baɗi a sa gero ko dawa a wurin.

Sai kuma a juya bayan ganye, nan ɓarayin suke. Ganye ya nannaɗe, yana danƙo a hannu, tururuwa na hawa da sauka: darɓa ce, irin wadda muka sani a dawa. A girgiza reshe, in wasu 'yan farare sun tashi, farin ƙuda ne, shi ne mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Wadda ta riga ta ƙanƙance ta daina girma ba ta da magani, a cire ta a binne nesa. Ƙananan huji kamar an soka da allura aikin ɗan ƙwaron nan ne mai tsalle na kuɓewa. Babbar yakuwa ba ta damu da shi ba, amma mai ganye huɗu ko biyar yana iya gamawa da ita. A daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako.

Maganin kanti kuwa a yi hattara. Wannan ganye shi mata ke tsinka a kawo kasuwa a yi miya da fate, kuma masu saye na ƙasashen waje suna auna ragowar magani a jikin zoɓo, in ya wuce ƙa'ida su ƙi kaya.

Alhazan da ke da furen kallo ɗan uwanta a tukunya, mai jan fure babba, duban duk ɗaya ne. Sai dai su tabbata gindin tukunyar a huje yake, kada kuma yaran gida su riƙa ba shi ruwa safe da yamma.

Wanda ba zai iya zuwa gona da kansa ba, ya aiki yaro ya tugo masa gindi uku daga wurare dabam-dabam, da saiwarsu da ƙasarsu, kafin ya ƙara ko sisi a kan abin da ya bayar. Haza wassalam.