Yadda labari ke sayar da haja a kasuwannin Karaye da Rogo

Mai maganin gargajiya da ya kafa lasifika a kasuwar Karaye ba ya farawa da farashi. Yakan fara ne da labarin wani magidanci da basir ya hana shi zuwa gona, sai jama'a sun taru sannan ya fito da kwalba. Dillalin taki a Rogo ma haka: zai ambaci wani manomi da masararsa ta yi kyau bara, musamman wanda mai saye ya sani.

Dalilin a fili yake. Manomi ba shi da hanyar auna abin da ke cikin buhu kafin ya biya, don haka shaidar maƙwabci ce ke zame masa ma'auni. Gidajen rediyon Kano, irin su Freedom da aka buɗe a 2003, sun rungumi wannan salo, inda talla kan zo a matsayin gajeren wasan kwaikwayo tsakanin miji da mata.

Sai dai labarin ƙarya ma yana da daɗin ji, kuma wanda ya sayi jabun taki ba zai gane ba sai damina ta yi nisa. Doka ta wajabta samun amincewar NAFDAC kafin tallata magani, amma da wuya jami'anta su ji abin da lasifikar kasuwar ƙauye ke faɗa.