Sai Bango Ya Tsage: Yadda Ake Gano Muryar Ƙarya A Dogon Zango

Kowa ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Amma ƙasa da su akwai dogon zango, inda akwatunan rediyo da yawa ba su kaiwa. A can tashar DCF77 ta Jamus take aika lokaci dare da rana a kan kilohaz 77.5. A can kuma babban taron rediyo na duniya na shekarar 2007 ya yanka wa masu sha'awar rediyo ɗan fili, daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, domin su riƙa aika wa juna saƙo.

Mai son sauraron wannan wuri ba sai ya sayi sabon akwati ba. Yakan haɗa wata 'yar na'ura, majuyin zango, ya sa ta tsakanin eriya da rediyonsa. A cikinta akwai kiristal mai kaɗawa, a ce a kan kilohaz 10,000. Aikin na'urar shi ne ta tara wannan lamba da ta saƙon da ya shigo. Watau saƙon 136 sai ya fito a 10,136, inda rediyon gajeren zango zai kama shi.

To, ga inda wahala take. Mutum ya ɓata kuɗinsa da dararensa, ya kunna, sai ya ji fito, da gurnani, har da waƙa a inda babu tasha. Wani sai ya yi fushi ya jefar da na'urar, alhali kuwa lafiyarta lau. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan uku ce, kowace kuwa da yadda ake gane ta.

Ta fari ita ce wayar da ta haɗa majuyin da rediyo. Daga kilohaz 10,100 zuwa 10,150 ma filin masu sha'awar rediyo ne a gajeren zango. Saboda haka abin da ka ji a 10,136 yana iya zama na gajeren zango ne, ya ɓullo ta waya. Gwajin ba wuya. Ka cire kiristal, ko ka yanke wa majuyin wuta. In muryar tana nan, ba daga dogon zango ta fito ba. Maganinta gajeriyar waya mai rigar saƙar ƙarfe. Sa'an nan ka rufe na'urar cikin akwatin ƙarfe, ko gwangwanin madara ya isa, ka haɗa rigar wayar da jikinsa sosai.

Ta biyu manyan tashoshin matsakaicin zango ne. Ƙarfinsu yakan fi ƙarfin majuyin, sai su cakuɗe a cikinsa su haifi muryar da ba kowa ya aiko ta. Alal misali, tasha a 756 da wata a 621, bambancinsu 135 ne, gab da filin masu sha'awa. Ga wata alama mai amfani. Tun shekarar 1978 tashoshin matsakaicin zango na Afirka da Turai suna zaune a kan lambobin da 9 take rabawa daidai. 'Ya'yan da suka haifa ma haka suke, irin su 126, 135 da 144. In ka ji muryoyi biyu a haɗe a irin wannan lamba, ka rage tsawon eriya. Saƙon gaskiya zai ɗan raunana kawai, na ƙarya kuwa yakan ɓace ɗungum. Maganinta rariya ce ta naɗin waya da kafasita a bakin eriya, wadda za ta bar ƙananan lambobi su wuce, ta tare waɗanda suka haura 500.

Ta uku tana cikin gidanka. Cajar wayar hannu, inbatar sola, da ƙwan fitila na zamani duk suna tsartuwar ƙara. Alamarta gurnani ne mai maimaita kansa a tazara ɗaya yayin da kake murɗa rediyo. Ka sa rediyo da majuyi a kan batir, ka kashe kome na gida. In wuri ya yi tsit, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa. Ka nisanta eriya daga gare shi. In kuwa na maƙwabci ne, ka je da sallama da bayani, kada rediyo ya raba zumunci.

Mazaunin ƙauye ya fi na birni sa'a a nan, gama yana nesa da yawan wayoyin lantarki, yana kuma da filin miƙa eriya. Abu guda dai za ka kiyaye. Kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Ka ajiye ɗan littafi, ka rubuta lamba, da lokaci, da abin da ka taɓa. Sannu ba ta hana zuwa.