Inji Biyu Ba Ya Faɗaɗa Cikin Jirgi

Mu mutanen Damagaram ƴan tudu ne. Kakanninmu da raƙuma suka yi fatauci, daga Zango har Tarabulus, shi ya sa har yau idan maganar ruwa ta taso, duk wanda ya ɗaga murya sai mu ɗauka masani ne. Amma neman abinci ya kai ƴaƴanmu tafkin Cadi, wajen Ngigmi da Boso, suna sayen banda, wasu har sun haɗa kuɗi sun mallaki kwale-kwale. A bakinsu nake ta jin wata magana da ta ishe ni: wai wanda ya ɗaura inji biyu a bayan jirgi ya gama da haɗari, kuma yana iya ninka lodi.

Kwanan baya a wata fada cikin Birni, ana zagayen shayi, wani ƙanen abokina ya maimaita min ita yana murmushi. Na ce masa: "Ƙanena, da ka ƙara injin, katako nawa ka ƙara wa cikin jirgin?" Ya yi shiru.

Injin da ake nufi shi ne wanda ake rataya wa jirgi a baya, irin Yamaha da ya cika bakin ruwa, ana auna shi da ƙarfin doki. Aikinsa tura jirgi gaba. Abin da ke riƙe jirgi a saman ruwa kuwa girman cikinsa ne da tsayin gefensa. Ko inji goma ka jera, buhun da zai nutsar da shi jiya shi ne zai nutsar da shi yau. Ƙari ma, inji mai doki 40 yana kai wajen kilo 70. Sa biyu, haɗa da bidon mansu da matuƙi, duk a wuri guda, sai gindin jirgi ya zauna cikin ruwa. Igiyar ruwa kaɗan ta biyo ta baya, ko a rage gudu farat ɗaya, sai ka ga ruwa ya haura ciki. Wato wanda ya ƙara inji kamata ya yi ya rage buhu, amma namu ƴan kasuwa sai su ƙara.

A tuna da Bagwai ta jihar Kano. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka tsamo gawa aƙalla 29. A watan Mayu na shekarar nan ma an yi na Warrah a jihar Kebbi, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara. Duka biyun lodin da ya wuce kima aka fi zargi. Wane inji ne zai ceci jirgin da gefensa ya kusa shafar ruwa tun daga tasha?

Sai masu inji biyu su ce to, ai idan ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Wannan tana da ƙamshin gaskiya, a teku ma dalilin ke nan da masu nisa da gaɓa ke sa biyu. Amma a tambayi makanike abin da ya fi kashe inji a wurinmu: mai ne. Man ƴan ruwa-ruwa da ya kwana cikin bido a rana, ga ƙura ga ɗigon ruwa a ƙasansa. Na taɓa shiga jirgi mai inji biyu da ke shan mai daga bido ɗaya. Na dama ya fara tari ya mutu, kafin matuƙi ya gama jan igiyarsa na hagu ya bi sahu. Ya kwance kabureta, ya zuba abin da ke ciki a tafin hannunsa, muka ga ruwa ya kwanta ƙarƙashin man kamar ƙwayar ido. Wani dattijo da doguwar gorarsa shi ya tura mu har gaɓa, muna ta salati.

Gudu ma ba ya ninkuwa. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar da ba ya wucewa, sauran ƙarfin a tayar da igiyar ruwa yake ƙarewa, kai kuma kana sayen buji biyu-biyu da farfela biyu. A ruwa marar zurfi mai kacalla da kututturan itace, farfela biyu tarko biyu ne. Su kuwa tafkunan gida irin Gidimuni, filafili da gora sun wadatar.

Ga mai ƙaramin jirgi, shawarata ya sayi inji ɗaya mai lafiya daidai da girman jirginsa, wanda kayan gyaransa ke samuwa a kasuwa mafi kusa. Ya tace mai da kyalle mai tsabta kafin ya zuba, kada ya juye bido har gindinsa. Ya auna man haɗi yadda takardar injin ta ce, ya bar aikin "ido ya gani". Kowace safiya idan ya tayar, ya duba ɗan ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji, in bai fito ba ya kashe nan take, don injin zai ƙone. Ya riƙe buji na ajiya cikin leda, da maɓallinsa, da igiyar tayarwa, da kwanon kwalfe ruwa. Ya shafa fenti a gefen jirgi ya zama alama, ruwa ya taɓa shi a daina lodi, ko da surukinsa ne ya zo da kaya. Rigar kariya daga nutsewa ga kowa, yara a fara ba su. Tafiyar dare da fita cikin hadari kuwa, a bar su.

Wanda hanyarsa ke da nisa ƙwarai kuma hankalinsa bai kwanta da ɗaya ba, ya nemi ƙarami mai doki 15, ya ba shi tankinsa daban da man da aka saya a wani wuri daban, ya riƙa tayar da shi duk mako ko da bai buƙace shi ba. Ƙanen abokina dai ya ce zai sayar da na biyun ya sayi rigunan kariya, bayan ya dawo daga tafiyar da zai yi.